Zangon da Kwamfutar Yaya Ta Ajiye

"Yaya, kwamfutarka ta ƙi yarda ka mutu."

Haka Dogo ya faɗa a ransa da magariba, yana tsaye a ɗakin wansa marigayi. Tun ba a naɗe tabarmar makoki ba, Kawu ya sa aka cire manhajojin zanen Yaya don nasa ɗan ya gaji na'urar. Amma rana na faɗuwa sai ta kunna kanta, ta koma yadda mai ita ya bar ta. Daga nan tsakuwa ta soma sauka a kan kwano, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri.

Mai gyara ya zo yana taɓe baki, ya dubi Umma. "Wane aljani, Mama? Zango take ajiye wa kanta lokaci-lokaci, in ta rikice a mayar da ita can." Dutse ya faɗo gefen ƙafarsa. Takalminsa na nan har yau.

Washegari Auta, ƙanwar Dogo, ta yanke jiki ta faɗi. Aka ɗauko Malam. Ya daɗe yana karatu, gidan shiru, kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsoho.

"Kai wane ne?" in ji Malam.

"Maƙwabcin mai zane. Shekaru ina kallon aikinsa ta bayan kafaɗarsa. Ku kun taɓa kallo? Wannan mai tumbin," ya nuna Kawu da hannun Auta, "ko kuka bai gama aro ba ya fara rabo."

Kawu ya sunkuya.

"Fita daga jikinta," in ji Malam.

"Zan fita, ai ba daɗi gare shi ba. Amma a cikin zangunan nan nake kwana. Ƙanensa ya goge su da hannunsa, in ya iya. Muddin akwai saura, ina nan."

Umma ta dubi Dogo. Ya zauna a kujerar Yaya, yana haɗa baƙaƙe da ƙyar, ya goge zangunan duka. Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Kawu ya ce ɗansa ya yafe na'urar.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne a hana ta ajiye sabo. Jiya da yamma Dogo ya buɗe ta, ya tarar da zango guda, ɗauke da kwanan watan ranar da Yaya ya yi zanensa na ƙarshe. Ya kai yatsa zai goge, ya janye. A tsakar gida Auta na wanke-wanke tana waƙa.

Har yanzu bai gaya wa kowa ba.