Hannun Daman Awabu

Sati biyu cur Awabu tana sintiri a ƙofar gidan burodin da take aiki a unguwar Maamobi, takardar likita a ƙulle a bakin zaninta, amma kullum amsar Braimah ɗaya ce: "Tafi ki zo gobe." Gobe! Wannan gobe tasa da ba ta wayewa! Braimah shi ne shugaban ma'aikata, kuma shi da kansa ya cire murfin injin murza ƙullu, wai yana rage musu sauri, har injin ya tafi da yatsu biyu na hannunta na dama. Marainiya ce, ba uwa ba uba, ɗan ɗakin ma'aikata na bayan tanda shi ne duk gatanta a Accra. In aikin ya tafi ɗakin ma ya tafi, sai kwanan rumfa a kasuwar Agbogbloshie.

Likita ya rubuta a ba ta aiki mara nauyi. To ranar da Braimah ya ga damar karɓarta, ina ya kai ta? Sauke buhunan fulawa! Haba jama'a, wane irin mutum ne wannan? Kafin azahar ciwon ya buɗe, jini ya jiƙe bandejin, tana hawaye tana kiran sunan Allah...

"Massa Braimah, don Annabi ka sa ni shafa mai a gwangwanin burodi, hannu ɗaya ya isa."

"Nan asibiti ne? In ba ki iyawa, Jumma'a ki kwashe kayanki. Ƙanwar matana na jiran wurin."

Mai gidan burodin, Hajia Sherifa, tana Makka tun kafin abin ya faru, kuma Braimah bai faɗa mata ko kalma ɗaya ba. Ranar Alhamis ta sauka, ma'aikata suka ɗunguma gidanta a Kanda yi mata barka da zuwa. Braimah ya hana Awabu binsu, amma ta lallaɓa ta bi baya, ta ɓoye hannun cikin mayafi. Hajia na zaune tana miƙa wa kowa zamzam a ɗan kofi. Da aka zo kan Awabu, baiwar Allah, sai ta miƙa hannun hagu.

Kowa a falon ya zuba mata ido. Zamzam da hagu! A gaban manyan unguwa!

"Kin gani ko, Hajia?" Braimah ya zabura. "Yarinya nan ba ta da tarbiyya koraa, ko kaɗan, shi ya sa zan sallame ta!"

Kai, wani mutum da bakinsa yake haƙa raminsa. Hajia ta ɗaure fuska ta ce, "Awabu, ba ni hannun dama."

Ta zaro shi daga cikin mayafi. Hajia ta dafe ƙirji, "Innalillahi! Ina yatsunki?" Awabu ta fashe da kuka, sai Wasiu mai kula da tanda, wanda abin ya daɗe yana ci, ya miƙe ya zayyane komai, tun daga murfin injin har buhunan fulawa.

"Braimah, amana na bar maka ko mahauta? Ajiye makullaina nan, kada in ƙara ganin ƙafarka a wurina!"

Ya ajiye, ya fita sumui-sumui, ba wanda ya ko dube shi. Hajia ta jawo Awabu jikinta, ita ma idonta ya cika, ta ɗauki kofin ta kai mata baki da hannunta.

"Sha, 'yata. Ɗakinki naki ne, aikinki ma naki ne. Sai abin da hannun nan ya iya za ki taɓa."