Tsohuwar Kurmin Jandutsi

Bayan girbi Waliyyu ya cinna wa kurmin Jandutsi wuta don ya kama gafiya, bai tsaya ya yi sallama ya bubbuga itatuwa ba, yadda maharban garin suka saba. Kwana uku bayan haka, da almuru, ya tarar da wata tsohuwa tsugune cikin tokar.

"Bawan Allah, ina ɗiyana?" ta ce. "Da damina damo na shan rana a nan, da kaka fakara na kuka. Yau na kira, ba wanda ya amsa."

Ƙaurin gashi ya cika masa hanci. Ya sunkuyar da kai, sai ya ga ƙafafunta kofatan gada ne, suna hayaƙi.

"Kai fa," ta ce, "ɗiya nawa gare ka a gida?"