Shafe Uku a Bakin Rijiya

Ranar da aka zo yasar rijiyar gidansu a Birnin Kebbi, Hanifa ta leƙo ne kawai don ta ce a yi hankali da shanyarta. Sai ta tarar da wani dattijo, Malam Labbo, yana zura fitila mai ci cikin guga, ɗansa Mujtaba yana sakin igiya a hankali.

"Da rana tsaka, mi za a yi da hitila?" ta tambaya.

"Tambaya muka aike ta," in ji Mujtaba. "In ta mutu, akwai mugunyar iska ƙasa. Wanda yas shiga, ba ya hitowa da ƙahwatai."

Wannan iskar, iskar kabon, ita ce aikinta na kammala jami'a. A ɗakin gwaji tana ɗaukar wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, mai kaɗawa da saurin da kunne ba ya ji, ta shafa mata wata fatar roba siririya. In fatar ta sha iskar sai ta yi nauyi, kaɗawar ta ragu, ƙararrawa ta yi kuka. Ta zuba masa bayanin nan duka ba ta ko numfasa ba. Shi kuwa bawan Allah bai gane rabi ba, amma bai ɗauke ido ba.

Daga ranar ya raɗa mata Malamata, ita kuma tana ce masa Gwani. Yana Argungu tana Birnin Kebbi, waya ce ta sha wahala.

Da maganar ta kai ga mahaifinta, Alhaji Usmanu, bai ce yaron ba shi da hali ba. Cewa ya yi, "Ba ni ba ɗiyata mutumin da kullum shi na shiga kabari shi hito. Ga Abdussamadu nan ɗan ƙanwata, aikin ohis shi kai. Takaba nika guje miki."

Hanifa ba ta iya musa masa ba, don ita ma tsoron ke cinta. Sai ta ƙudura za ta haɗa wa Mujtaba na'urar da za ta rufe bakin kowa. Ƙa'ida, shafen fatar robar ɗaya ne. Amma da ta zo kan tasa, sai zuciya ta ce mata ɗaya ya yi kaɗan ga ran Gwani, ta yi uku. So kenan, ba ya jin ƙa'ida. Ta ba shi, ta ce ya zura ta minti ɗaya, in ba ta yi kuka ba ya shiga.

Malam Labbo ya juya abin a tafinsa ya taɓe baki. "Wagga aba ba ta da harshen wuta, ƙaƙa za ta san iska?"

Wata Talata da safe saƙo ya shigo mata.

"Malamata, barka da asuba. Yau tsohuwar rijiya za mu yasa bayan kasuwa, ni da abokin aikina Hodi. Baba na kwance da masassara. Na bar hitila gida, na'urarki ta ishe ni."

Ta yi murmushi ta shiga ɗakin gwaji. Ƙawarta Bolanle, wadda aka haifa nan Birnin Kebbi, tana tsaye gaban akwatin gilashi da agogo a hannu.

"Hanifa, zo ki gani. Wa ya yi wa na'urar nan shafe mai kauri haka? Na cika mata iska, sai da ta yi minti tara kafin ta yi kuka. Iskar ba ta ratsa ta da wuri."

Ragowar irin ta Mujtaba ce. Minti ɗaya Hanifa ta ce masa, da bakinta.

Ta kira, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Sai ta rubuta: "Gwani kak ka shiga. Don Allah kak ka shiga. Kuskure niy yi."

Ba amsa. Ta kira Malam Labbo, wayarsa a kashe. Sai ta kira mutumin da ba ta taɓa zaton za ta nema kan wannan maganar ba.

"Baba, na kashe shi. Baba, kai ni Argungu."

Alhaji Usmanu bai tambayi komai ba, ya zo da mota. Duk tsawon hanya ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tsorata shi. Ta ƙanƙame wayar tana kira tana sakewa, leɓɓanta na motsi da salati. Sun wuce gonakin shinkafa, sun wuce masu tallan albasa, ba ta ga ko ɗaya ba. Sau biyu ya kira sunanta ba ta ji ba.

Bayan kasuwa suka hango taro. Hanifa ta fita tun motar ba ta gama tsayawa ba, takalmi ɗaya ya zube. Mujtaba na kwance a ƙasa, igiya ɗaure a ƙugunsa, ana yi masa fifita da faifai. Hodi na zaune gefe, tafukansa duk jini.

"Yas sauka, nik kira shi sau biyu bai amsa ba," in ji Hodi. "Sai nij ja. Allah ɗai yas sa igiyag ga ba ta tsinke ba."

Ta durƙusa tana kallon ƙirjinsa. Yana ɗagawa, kaɗan-kaɗan. Can ya yi tari, ya buɗe ido, ya daɗe kafin ya gane ta.

"Malamata," ya ce da ƙyar, "wa yak kawo ki?"

Nan kukan ya ɓalle. Malam Labbo ya iso da masassararsa bisa babur, a gabansa da gaban mahaifinta ta faɗi duk abin da ta yi, ba ta rage ba. Dattijon ya ce, "Wanda yay yi kuskure yaz zo da gudu haka, ba shi nika tsoro ba. Ki gyara ta, ɗiyata."

A hanyar komawa Alhaji Usmanu ya tsayar da mota bakin gada. "Na hana ki shi don kak ki yi takaba," ya ce. "Yau ga hanyag ga na ga kin yi ta, ko aure ba ki yi ba. Shi turo magabatanai."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, Bolanle ce babbar ƙawar amarya. Abdussamadu ma ya zo, ya yi fatan alheri. Hanifa ta koma ga shafe ɗaya, kuma ba ta sake barin na'ura ta fita hannunta ba sai ta gwada ta sau goma da agogo.

Tsoron dai bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Duk safiyar da ya fita da igiya, shayinta yakan huce ba ta kurɓa ba, waya na kan cinyarta. Sai can wajen hantsi ta yi ƙara.

"Na hito."

Sannan take numfashi. Allah ya bar su tare, ya tsare masa shiga da fita, amin.