Ranar da Gwaggo Sanatu Ta Waiga

Kun sha ganin Napari 'yar dako a kasuwar Kumasi, kun kau da kai. Wasunku ma ku kuka ɗora mata kayan. Ranar da Napari ta faɗi da daron doya, mutane doyar suka bi da gudu. Mutum ɗaya ne ya durƙusa ya tallafe kanta.

"Kada ki motsa," in ji shi. "Matse mini hannu."

Ta kasa. Yatsunta sun mutu murus.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Ai duk 'yan dako haka muke."

Sunan mutumin Wumpini. Shi ma'aikacin gashin ƙashi ne a wani ƙaramin asibiti. Can ya kai ta, hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin wuyanta ya danne jijiya. In ta ci gaba da dako, hannuwan za su tafi gaba ɗaya.

Ya koya mata janyo haɓa baya a hankali, da gasa wuya da tawul mai ɗumi. Kafin damina ta wuce, saƙonninsa sun fara sauya launi.

"Tauraruwar garin Savelugu, kin janyo haɓar yau?"

"Na janyo, likitan ƙarya. Kamar kunkuru na koma."

"To ni kunkurun nan nake so har abada."

Amma Napari marainiya ce a hannun Gwaggo Sanatu, shugabar 'yan dakon layinsu, wadda in an kira ta daga gefe sai ta juyo da jiki gaba ɗaya, kamar tukunya.

"Wa? Wannan da aikinsa shafa wuyan matan mutane?" Gwaggo ta daka tsawa ranar da ta ji Wumpini na son Napari. "Ga Alidu mai ɗori yana sonki. Murɗa ɗaya zai yi miki, ƙas, gobe ki koma kan gammo!"

Da Wumpini ya ji, a guje ya zo. Ya tarar Alidu ya kama haɓar Napari.

"Sake ta! Gwaggo, in ya murɗa wuyan nan, ƙila ba ta ƙara tashi ba!"

"Fita mini daga gida, mara kunya!"

Gwaggo ta ɗaga kofin koko za ta watsa masa, sai kofin ya suɓuce ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka, ya sake suɓucewa. Alidu ya saki haɓar.

"Gwaggo," Napari ta ce, "ke ma?"

Tsohuwar ta zauna daɓas a ƙasa. "Tun kafin a haife ki."

Wumpini bai taɓa ta ba, ya san ba za ta yarda ba. Napari ya koya wa, ita kuma kullum da asuba ta riƙa gasa wuyan Gwaggo, Gwaggo na zagin likitan. Hannuwan ba su dawo duka ba, an makara. Amma wata safiya Wumpini ya yi sallama daga ƙofa, sai Gwaggo ta waiga. Da wuya kawai.

Ita kanta ta firgita. Ta dafa wuyan, hawaye suka zubo.

"Ja'iri," ta ce. "Turo magabatanka."

Ranar kai amarya, mata suka naɗa gammo za su ɗauki kayan ɗaki a ka, kamar yadda aka saba. Gwaggo ta tare ƙofa.

"Duk wadda ta ɗora ko cokali a ka, ba ta cin tuwon bikin nan. A kira mai babur ɗin kaya!"

Aka kwashe da dariya. Ta kama hannun Napari ta sa a na Wumpini, wannan karon Napari ta matse shi har ya ce wash.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku 'ya'yan da littafi kawai za su ɗauka."

Amin. Amma Napari ɗaya ce, layin nan cike yake da irinta. Gobe in kun je kasuwa, ku fara ɗaga kayan da hannunku. In ya fi ƙarfinku, ku raba shi biyu kafin ku ɗora wa 'yar wani.