Sha Shida Ne, Ku Rubuta

"Kowa ya sauko! A kwanta! Wanda ya ɗaga kai sai na fasa shi!"

Ranar Lahadi ce bayan la'asar, shekara uku da ƙaddamar da shari'a. 'Yan kasuwar Mai'adua na komawa Daura, babura biyu suka datse motarsu a wata kwana. Mati ne oga, tsohon ɗan gidan yari. Lado ke jan babur na biyu. Bindigar kuwa tana hannun Sharfaddeen, ɗan shekara sha shida.

Da gangan Mati ya ba shi. "Kai yaro ne," ya ce masa tun da safe. "Ko an damƙe ka, ba alƙalin da zai rataye yaro."

Fasinjoji suka zube a bakin titi. Wani dattijo dillalin shanu ya ƙanƙame jakarsa, ya ƙi saki.

"Ɗirka masa, Sharfa!"

Yaron bai harba ba. Mati ya wafce bindigar — tas! Dattijon ya kife. Mata suka ɗau salati.

Sai ga jiniya! Wani direba da ya juya da baya ne ya kai wa Sufeto Sama'ila labari.

"'Yan sanda! A ware!"

Babur ɗin Lado ya ƙi tashi. Ya ruga da ƙafa, harsashi ya same shi a gadon baya. Mati ya ɗauki Sharfa, suka faɗa hanyar gona, suka nufi iyaka. Yashi ya fara cin taya, motar 'yan sanda na matsowa.

"Mun yi nauyi," in ji Mati.

"Oga, me kake..."

Gwiwar hannu a ƙirji! Sharfa ya ji shi a ƙasa. Mati ya jefo masa bindigar, ya ƙara wuta.

Washegari a ofishin 'yan sanda, Sufeto ya sa Sharfa a gaba, ya ɗau biro. "Shekarunka nawa?"

"Sha shida."

Wani kofur ya tuntsure da dariya. "Wannan ƙaton? Yallaɓai, a sa ashirin, ya tafi gidan manya."

"Ba wanda zai ƙara masa ko kwana ɗaya!"

Kulu ce, mahaifiyar Sharfa, mai tuyar ƙosai. Ta ture mai gadin ƙofa, ta buga takardar haihuwarsa a kan tebur.

"Baba, ɗanki fashi ya yi," in ji Sufeto. "An kashe mutum."

"Na sani. Daga gidan makokin nake, na ga marayu bakwai. Ban zo in wanke shi ba. Amma ka tambaye shi inda ya san Mati."

Sharfa ya ɗago kai. "A gidan yari. Ina sha uku, kan akuya. Wata tara ina jiran shari'a, ɗaki ɗaya da shi. Shi ke ba ni abinci, shi ke hana a taɓa ni."

"Ɓarawon akuya na miƙa muku," in ji Kulu, "kuka dawo min da ɗan fashi. Yanzu kuma ku mai da shi can? Wallahi sai dai ku haɗa da ni."

Sufeto ya daɗe yana duban takardar. Ya rubuta sha shida.

"Zan nuna muku maɓoyar Mati," in ji Sharfa. "Ba don ku ba. Don dattijon nan."

Kwana uku bayan haka aka kama Mati a wani kango kusa da iyaka. Fasinjoji biyar suka shaida shi ne ya yi harbin, kotu ta yanke masa kisa. Gawar Lado ba wanda ya zo nema. Sharfa aka tura shi gidan gyaran yara.

Ranar da za a tafi da shi, Kulu ba ta yi kuka ba. Ta tare jami'in da ke riƙe da shi.

"Duk Juma'a ina nan tafe, ko a ƙafa ne," ta ce. "Kuma sai na ga fuskar duk wanda kuka haɗa shi ɗaki da shi."