Ƙofar da Ba Ta San Kowa Ba

Allon gilashin da ke jikin bangon ɗakin ya yi haske, ɗan farin layin nan yana ƙiftawa yana jiran umarni. Dakta Ramlatu ta gyara mayafin takabarta, ta rubuta abin da yatsunta suka haddace shekara goma sha ɗaya, ta aika. Amsa ta dawo kafin ta ɗauke hannu: An hana shiga. Ba a san wannan mabuɗi ba.

Rumbu ke nan, tarin na'urori dubu arba'in da aka binne a ƙarƙashin dutsen Sabuwar Gwarjo, inda masu binciken ƙasar ke ajiye aikinsu. Ba a zuwa can da ƙafa. Daga gida ake shiga ta rufaffiyar kafa, wadda injiniyoyi ke kira SSH. Kowane mai bincike yana da mabuɗi mai ɓari biyu, ɗaya a na'urarsa, ɗaya a bakin ƙofa, sai sun dace a buɗe masa. A ciki kuwa akwai duk abin da ita da mijinta, marigayi Farfesa Haladu, suka tara a kan wani irin gero mai nuna cikin kwana arba'in, don damina ta gajarce har manoma sun fara barin gonaki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tun suna amarya da ango mabuɗi ɗaya suke amfani da shi, na Haladu. Wa zai raba mabuɗi da wanda suke cin tuwo kwano ɗaya? Ranar da aka shigar da rasuwarsa a rajistar birni, Rumbu ya soke mabuɗin da kansa. Ita kuma baƙin ciki bai bar ta ta kalli allon ba sai yau da hantsi, da saƙo ya shigo cewa ma'ajiyarsu ta cika kwana ɗari da ashirin ba a taɓa ta ba, za a share ta da ƙarfe goma sha biyu.

Saura minti hamsin. Sabon mabuɗi kuwa sai mutum ya je Gwarjo an duba ƙwayar idonsa, kuma ko ta fita yanzu, jirgin ƙasa mafi sauri awa biyu yake yi.

Ta kira Injiniya Tukur, shugaban masu kula da Rumbu, abokin Haladu tun suna makaranta. Fuskarsa ta bayyana a gefen allon.

“Ranki ya daɗe, ya ƙarin haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'aiki, Malam Tukur. Don Allah ka buɗe mini. Minti biyar kawai, in taɓa ma'ajiyar a daina ƙirga.”

Ya sunkuyar da kai. “Wallahi Dakta, da da hali da ban bari kin roƙa ba. Ni kaina ba ni da ƙofar baya. Ke kika ce a toshe ta.”

Gaskiya ya faɗa. Lokacin da ake gina Rumbu, ita ce ta miƙe a taro ta ce alfarma ce ta kashe ƙasar nan, wane ya san wane, ɗan wane a buɗe masa. Ta ce za ta gina ƙofar da ba ta san kowa ba, ba ta jin roƙo, ba ta duban furfura. Aka yi ta tafa mata. Dokar kwana ɗari da ashirin ma da hannunta ta rubuta, kuma duk iliminta bai faɗo mata a rai ba cewa takaba wata huɗu ce da kwana goma.

“Ka kashe wutar,” ta ce. “Ka cire waya, ka yi wani abu mana!”

“Asibitoci bakwai ne ke lissafin magani a kai yanzu haka. In kashe?”

Ta koma ga allon ta sake gwadawa. An hana. Ta gwada da sunanta, ta gwada da tsohuwar na'urar Haladu da ke cikin durowa, har ta kama kanta tana ce wa allon, “Ni ce fa, Ramlatu.” Ta rasa wanda za ta yi wa fushi. Tukur bai katse kiran ba, yana zaune da hularsa a hannu kamar mai zaman makoki.

Ƙarfe goma sha biyu ya buga. Babu ƙara, babu hayaƙi. Layi ɗaya ne ya fito: An share. An samar da fili.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” in ji Tukur a hankali.

Ba ta yi kuka ba tukuna. Sai da wani saƙo ya biyo baya, irin rahoton da Rumbu ke aika mata a matsayinta na wadda ta tsara tsaronsa. Ta buɗe.

“Barka da rana, Dakta. Yau an yi yunƙurin kutse sau tara daga wani gida. An daƙile duka. Tsarinki yana aiki yadda kika so.”