Hular da Aka Ƙirga

"Ki faɗa min gaskiya, Auta. Ni ne ba kya so, ko auren ne?"

Injiniya ya yi maganar ƙasa-ƙasa, amma a kujerar bayan motar babu abin da ke ɓuya. Hajiya mai laima, wadda tun daga filin jirgi ta naɗa kanta uwar tawaga, tuni ta karkato kunne, wai ita gyara ɗankwali take yi.

Auta ta kawar da kai. Ta taga tana ganin ginshiƙan tsohon birnin da suka wuni suna zagayawa suna ta yin nisa.

"An sa rana kin ɗaga, an sake sawa kin sake ɗagawa. Na biyo ki har wata ƙasa don in ji dalili, masoyiyata..."

Dalilin yana can a kujerar gaba. Baba ya fara mantuwa. Yakan ajiye takalmi a firij, yakan tambayi ina Mama take, ita da ta daɗe da rasuwa. Yayyen Auta duk sun yi aure sun yi nisa, in ita ma ta tafi babu mai riƙe shi. Ga shi tsohon tela ne mai ji da kansa, ya roƙe ta kar kowa ya sani. Wannan tafiyar ma alkawari ce da ya yi wa Mama bai cika ba, shi ya sa ta rako shi.

Tun da suka baro gida ba ta taɓa barin gefensa ba sai yanzu a mota. Amma daga nan tana hango rawayar hularsa a saman kujera, don haka hankalinta a kwance yake. Jagoran tawagar ne ya raba musu hulunan. Shi ba ya wahalar kiran suna, tsayawa yake a ƙofa ya ƙirga huluna, in sun cika ya ce wa direba a tafi.

Motar ta faɗa wani rami. Hular ta gangaro tsakanin kujeru, babu kai a ƙarƙashinta.

Auta ta miƙe zumbur. Ta manta halin Baba. In zufa ta dame shi, kifa hularsa yake a kan keken ɗinki. Yau a kan kujera ya kife ta, ya sauka abinsa.

"Direba, tsaya! Babana ba ya ciki!"

Kafin su koma tsohon birnin rana ta yi sanyi, mai gadi yana jan ƙofar ƙarfe. Jagora ya yi ta roƙonsa da yarensu, Hajiya kuwa ta cusa laimarta a tsakanin ƙofar ta ce sai dai a rufe da ita.

"Kwantar da hankalinki," in ji Injiniya suna gudu a kan duwatsu. "Babba ne, zai nemi hanya."

"Ba zai iya ba..." in ji Auta. "Baba ba ya gane hanya yanzu. Wani lokaci ni ma ba ya gane ni."

Injiniya ya tsaya cak.

"Shi ne kika bar ni ina ta zargin kaina?"

"Ya ce kar in faɗa."

Ta jira ya yi faɗa, don ta san ta cancanta. Sai kawai ya ce, "Ina ya fi daɗewa ɗazu?"

Ta tuna. Akwai wani mutum-mutumin mace marar kai, da aka sassaƙa mata zane na dutse. Baba ya daɗe yana shafa tattarar zanen, yana cewa wanda ya yi wannan ya san ɗinki.

A can suka same shi. Yana zaune a bakin wata tsohuwar rijiya mai zurfi da ke bayan mutum-mutumin, ƙafafunsa na lilo a ciki. Auta ta toshe bakinta. Ta san in ya razana shi ke nan.

Injiniya ya taka a hankali ya zauna kusa da shi, ya sa hannu ya riƙe bayan rigarsa.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Yawwa. Matata nake jira, ta je ɗebo ruwa. Kai ɗan wane ne?"

"Ni ne mai neman Auta."

Baba ya ƙura masa ido. Can sai ya girgiza kai.

"Yarinyar nan da taurin kai. Saboda ni take ƙin aure, ta zata ban sani ba. Ka ɗauke ta, ɗana. Ni in na ɓata, ai na ɓata."

Hawaye suka ɓalle wa Auta. Duk ɓoyon da take yi, ashe shi ma nauyinta yake ɗauke da shi.

"Ba zan ɗauke ta ba, Baba," in ji Injiniya. "Ku biyu zan ɗauka. Akwai ɗaki a ƙasa, ba hawa bene, har da wurin ajiye kekenka. Taso mu je, Mama ta ce mu yi gaba."

Ya janyo shi baya a hankali, har ƙafafunsa suka taka ƙasa.

A bakin mota jagora ya ɗaga yatsa zai fara ƙirga. Hajiya ta buge hannun da laima.

"Ka ƙirga hula ka ƙirga hula, har ka kusa kashe mana dattijo. Fuska za ka duba."

Injiniya ya ɗauko hular daga ƙasa ya kakkaɓe, ya sa wa Baba, ya zaunar da shi ta wajen taga, shi kuma ya tare bakin kujerar. Auta ta sunkuyo daga bayansa, fuskarta jiƙe da hawaye.

"Ka ce wa su Ummanka su sa rana," ta ce. "Ba zan ƙara ɗagawa ba."